Yadda Za Ka Koyi Ɗaukar Hoto da Hannunka: Daga Kyamarar Fim Zuwa ta Dijital

Lambobin da ke jikin kyamarar Pentax K1000 da ta fito a 1976 su ne dai za ka tarar a allon kyamarar dijital ta bana: 1/125, f/8, ISO 400. Tun da injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, abin da ya canza shi ne inda haske yake sauka. A da fim ne, yanzu sensa ce, wato ƙaramin allon lantarki mai kama haske a cikin kyamara. Lissafin hasken kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa mai son hoto don sha'awa zai fi saurin ƙwarewa idan ya fara da naɗin fim ɗaya ko biyu, ya wanke da kansa, sannan ya koma dijital. Fim hoto 24 ko 36 yake ba ka, babu allon da za ka leƙa ka goge, dole ka yi tunani kafin ka latsa.

Abubuwa uku da ke hannunka

Na farko ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara, wanda masu sana'a ke kira lens. Ana auna ta da f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. A nan sabon shiga ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Duk mataki ɗaya da ka hau, ka rage rabin hasken da ke shiga. Babbar ƙofa irin f/2 tana fito da mutum tangaran ta bar bayansa dishi-dishi, ƙarama irin f/11 kuma tana fito da gaba da baya tare.

Na biyu saurin labule, wato tsawon lokacin da labulen cikin kyamara zai buɗe: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000 na daƙiƙa. Shi ma kowane mataki rabin na bayansa ne. Mutum a zaune 1/125 ya ishe shi, yaro mai wasa 1/500, doki a sukuwa ranar hawan sallah 1/1000. Idan a hannu ka riƙe kyamara, kada saurin ya sauka ƙasa da lambar gilashinka: gilashi mai 50mm kada ka yi ƙasa da 1/60, mai 200mm kada ka yi ƙasa da 1/250, in ba haka ba rawar hannunka za ta fito a hoton.

Na uku ISO, wato yadda fim ko sensa ke saurin kama haske. ISO 100 na rana ne, 400 na inuwa da yamma. A fim, wanda ka saya shi ke nan har naɗin ya ƙare. Yawan ISO yana kawo ƙwayoyi kamar yashi a hoto.

Tun da duka ukun da rabi-rabi suke tafiya, ana musayar ɗaya da ɗaya. Hasken f/16 a 1/125 daidai yake da na f/11 a 1/250, daidai da f/8 a 1/500. Haske ɗaya ne, kamannin hoton ne ya bambanta.

Akwai ƙa'idar da tsofaffin masu hoto ke aiki da ita ba tare da na'urar auna haske ba. A rana tsaka mai inuwa baƙi ƙirin, sa f/16, ka zaɓi saurin da ya fi kusa da ISO ɗin fim ɗinka: 1/125 ga ISO 100, 1/500 ga ISO 400. Ranar da hazon hunturu ya dusashe rana, buɗe zuwa f/11. Hadari ya rufe, f/8 ko f/5.6. Ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya mai duhu, f/4. Haddace wannan, domin da ita za ka gane ranar da na'urar kyamararka ta fara yi maka ƙarya.

Sayen tsohuwar kyamarar fim

Nemi wadda ba ta dogara da batir ba. K1000 da Nikon FM2 ta 1982 suna ɗauka ko batir ya mutu, na'urar auna haske kaɗai ke cin ƙaramin batir LR44. Canon AE-1 kyamara ce mai kyau, amma in babu batirinta mai bolt 6 ko motsi ba ta yi. Olympus OM-1 kuma an yi ta ne don batirin makuri mai bolt 1.35 da aka daina yi, sai ka nemi madadi ko ka yi aiki da ƙa'idar f/16.

Kafin ka biya, buɗe murfin baya ka ɗaga kyamarar wajen haske, ka latsa a kowane sauri. A daƙiƙa 1 kunnenka zai gaya maka ko tana jan ƙafa. A 1/1000 ka tabbata ka ga walƙiyar haske. Taɓa soson da ke gefen murfin da kan yatsa: in ya zama danƙo yana manne maka, sai an sauya shi, don ta nan haske zai sato ya zana wa hotunan jajayen layuka. Cire gilashin ka haska tocila ta cikinsa. Ƙura kaɗan ba komai ba ce. Farin abu mai rassa kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, ka bar wa mai shi kayansa. Juya zoben ƙofar haske ka ga faifan ciki suna rufewa da sauri, babu maiƙo a jikinsu.

Ɗora fim

Fara da fim baƙi da fari mai ISO 400, kamar Ilford HP5 Plus, don yana yafe kuskure kuma ana wanke shi a gida. Ajiye fim a firji, ka fito da shi awa biyu kafin ka buɗe kwalbarsa. Kada ka bar shi cikin mota a rana. In daga waje za ka shigo da shi, roƙi a duba shi da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna ɓata fim.

A inuwa ake ɗora fim. Ja hannun naɗewa sama, murfi zai buɗe. Zaunar da gwangwanin fim a hagu, ja harshensa zuwa dama, soka shi a tsagar sandar da ke karɓa. Ja hannun turawa sau ɗaya ka ga haƙoran kyamara sun shiga ramukan gefen fim sama da ƙasa. Rufe, latsa sau biyu a banza har lamba ta kai 1. Yanzu lura da kyau: duk lokacin da ka ja hannun turawa, hannun naɗewa da ke hagu dole ya juya da kansa. In bai juya ba, harshen ya suɓuce, kuma lamba za ta ci gaba da ƙirga maka har 36 alhali fim bai motsa ba. Wannan ne kuskuren da ya fi cinye naɗin farko. Sai ka saita ISO a jikin kyamara daidai da na kwalin fim.

Na'urar auna haske tana ɗaukar komai a matsayin ruwan toka matsakaici. Saboda haka mutum baƙi cikin farar babbar riga yana rikita ta: tana ganin farin ta rage haske, fuska ta nutse. Maganinsa, miƙa tafin hannunka cikin irin hasken da ke kan fuskar mutumin, auna daga tafin, sannan ka buɗe ƙofa da mataki ɗaya. Nagatif, wato fim bayan an wanke shi, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa, don haka in kana shakka, ƙara.

Idan hannun turawa ya cije, fim ya ƙare, kada ka tilasta masa ya yage. Danna ƙaramin maɓallin da ke ƙasan kyamara, naɗe fim ta inda kibiya ta nuna har ka ji hannun ya saki, sannan ka buɗe.

Wanke fim a gida

Ba sai da ɗakin duhu ba. Kayan su ne tankin wanki da faifan naɗinsa, irin na Paterson, baƙar jaka mai hannuwa biyu, ma'aunin zafi, kofin awo mai mililita, kwalabe uku, almakashi, mabuɗin kwalba, agogo, safar hannu, da magunguna: dibelofa mai fito da hoto, ruwan tsayarwa, fiksa mai zaunar da hoto, da ruwan hana tabo.

Haɗa dibelofar ID-11 kwana ɗaya kafin aiki. Garin kashi biyu ne. Narka kashin A a ruwa mililita 750 mai ɗumin digiri 40, sannan kashin B, ka cika zuwa lita 1. A kwalba cike kuma a rufe tana kai wata shida, in rabi ce wata ɗaya, domin iska ke kashe ta.

Babban aiki a ƙasa mai zafi shi ne sanyin ruwa. Lokutan da kamfanoni ke bugawa na digiri 20 ne, ruwan famfo ko na tanki a bazara kuwa yakan haura 30. Zuba ruwa a roba, jefa ƙanƙara, tsoma kwalaben uku ciki har ma'auni ya nuna 20. Kada ƙanƙarar ta shiga cikin maganin kansa. In 20 ta gagara, tsaya a 24 ka rage lokaci, kusan kashi 10 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Kada lokacin ya sauka ƙasa da minti 5, wankin ba zai yi daidai ko'ina ba.

1. Sa fim, tanki, faifai, almakashi da mabuɗi cikin baƙar jaka, zuge ta, cire agogon hannu mai haske, zura hannuwa. Ɓalle murfin gwangwani, yanke harshen fim ya miƙe, tura bakinsa ƙarƙashin haƙoran faifai, ka riƙa murza gefe biyun gaba da baya har ya shige duka. Faifai ya kasance a bushe ƙayau. Gumin hannu kaɗai ya isa ya sa fim ya cije, shi ya sa aka fi so a yi da asuba. In ya cije kada ka danna, raba faifan ka sake. Yi atisaye da lalataccen fim a fili kafin ranar.

2. Zura faifai a sandar tsakiya, sa a tanki, murɗa mazurari har ya yi ƙas. In ka manta sandar, haske zai shiga. Daga nan sauran aikin a fili ne.

3. Haɗa dibelofa mililita 150 da ruwa 150. Naɗi ɗaya na fim mai faɗin 35mm mililita 290 yake bukata kafin ya nutse. Zuba da sauri, kunna agogo. HP5 Plus a wannan haɗi minti 13 ne a digiri 20, kusan minti 9 a digiri 24. Kifa tankin ka miƙar sau huɗu cikin daƙiƙa 10 na farko, ka buga gindinsa a tebur don kumfa ta tashi, ka maimaita haka a farkon kowane minti. A hankali, ba jijjiga ba. Saura daƙiƙa 10 fara zubarwa. Wannan haɗin sau ɗaya ake aiki da shi.

4. Ruwan tsayarwa na Ilfostop mililita 15 cikin ruwa 285, daƙiƙa 30. In babu, cika tanki da ruwa zalla ka zubar sau biyu.

5. Fiksa ta Ilford Rapid Fixer mililita 60 cikin ruwa 240, minti 2 zuwa 5, ana kifawa kamar dai dibelofa. Don sanin ƙarfinta, jefa harshen fim da ka yanke cikin kofi, ka ga minti nawa zai yi ya zama garau, ka ninka lokacin biyu. Ana mayar da fiksa kwalba a sake amfani da ita. Idan ta tsufa tana ɗauke da azurfa, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

6. Ɗauraya. Hanyar da Ilford ta bayar tana tattalin ruwa: cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, cika ka kifa sau 10, cika ka kifa sau 20. Ruwan kada ya bambanta da na dibelofa da fiye da digiri 5, in ba haka ba fuskar fim za ta tsattsage ta yi yamutsi.

7. Ruwan ƙarshe, tatacce in akwai, da ruwan hana tabo kashi 1 cikin 200, minti ɗaya. Rataye fim a banɗaki da ka yayyafa wa ruwa don ƙura ta kwanta, maƙala abin shanya a ƙasansa ya miƙe, rufe ƙofa, kashe fanka. Kada ka shafa shi da yatsa. Bayan awa biyu zuwa uku, yanka shi hoto shida-shida ka adana a leda ta nagatif.

Nagatif da kansa yake faɗin abin da ya faru. In ya fito garau amma ana ganin rubutu da lambobin kamfani a gefe, wanki ya yi, haske ne bai taɓa shi ba: ko harshe ya suɓuce, ko labule bai buɗe ba. In garau ne har gefen babu rubutu, fiksa aka fara zubawa ko dibelofa ta mutu, shi ya sa ake rubuta suna a jikin kowace kwalba. Baƙi ƙirin har gefe, haske ya shiga. Fari-fari kamar madara, fiksa ba ta gama ba, kuma wannan yana gyaruwa, mayar da shi cikin sabuwa. Layuka da ke saukowa daga ramukan gefe yawanci jijjiga ce ta yi yawa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya haske tun daga farko har ƙarshe, magani ne bai rufe faifai ba. Ƙananan alamu kamar jinjirin wata, lanƙwasa fim aka yi wajen naɗi.

Fim mai launi da tsarin C-41 ake wanke shi, a digiri 37.8 na minti 3 da daƙiƙa 15, kuma ba ya son ko ɗan kuskure. Bar shi sai hannu ya faɗa.

Komawa dijital

Tsohuwar kyamara mai kyau ta fi sabuwa mai arha. Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18, Nikon D3300 da Sony A6000 na 2014 masu 24, duk sun wadatar. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka: hoto mai inci 4 da 6 megafiksel 2 da ɗan kai yake bukata, mai inci 8 da 10 kusan 7. Tambayi sau nawa aka latsa ta, don labulen irin waɗannan kyamarori wajen latsawa 100,000 aka ƙiyasta masa. Ɗauki hoton sararin sama a f/22 ka faɗaɗa shi a allo, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo.

A kan gilashi ake yawan asarar kuɗi. Gilashin Canon FD na su AE-1 ba ya hawa Canon EOS, domin kamfanin ya sauya baki a 1987. Nikon D3300 ba ta da injin saiti a jikinta, sai gilashi mai AF-S ko AF-P, tsohon AF-D zai hau amma da hannu za ka saita. Kyamara marar madubi irin A6000 kuwa tana karɓar kusan duk tsohon gilashi da zoben haɗi mai arha. Sannan sensar waɗannan ta fi fim ƙanƙanta, gilashi mai 50mm zai yi maka kamar 75mm a Nikon da Sony, 80mm a Canon, don haka mafi ƙarancin saurinka a hannu ya koma 1/125. Tsohuwar fitilar filasha ta zamanin fim kada ka ɗora ta sai ka san ƙarfin wutarta, wasu suna ƙona kyamarar dijital.

Sa memori ka share shi daga cikin kyamarar, ba daga kwamfuta ba. Na jabu ya cika kasuwa, gwada sabo da manhajar H2testw kafin ka amince masa da biki. Zaɓi RAW, wato ɗanyen fayil mai ɗauke da duk abin da sensa ta kama, tare da JPEG, hoton da kyamara ta riga ta gyara. Juya maɓallin zaɓi da ke saman kyamara zuwa A, ko Av a Canon: kai ka zaɓi ƙofa, kyamara ta zaɓi sauri, idonka na kan lambar saurin. Don abu mai gudu koma S, ko Tv a Canon: kai ka zaɓi sauri, kyamara ta zaɓi ƙofa. ISO 100 zuwa 200 a rana, 800 zuwa 1600 a ɗaki. Gara hoto mai ƙwayoyi da mai rawa.

Ga inda dijital ta saɓa da fim, kuma nan ne wanda ya saba da fim yake tuntuɓe. Nagatif yana jure yawan haske, sensa ba ta jurewa. Wurin da ya ƙone fari fat ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da aikin zaren da ke wuyan riga. Inuwa kuwa ana iya ɗago ta daga RAW. Kada ka yarda da hasken allo, a rana yana nuna duhu, da dare yana nuna haske. Kunna jadawalin haske da ake kira histogiram: hagu duhu, dama haske. In tudun ya jingina da bangon dama ya hau, rage da maɓallin +/- zuwa -0.7 ko -1 ka sake. Kunna kuma alamar da ke sa wurin da ya ƙone ƙiftawa. Ga baƙar fuska da farar riga, mafi sauƙi ka matsar da mutumin inuwa mai fuskantar fili, ko ka sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske fuskarsa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutane, musamman mata da yara, kuma ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro.

A zauren biki mai fitilun LED ko dogon ƙwai, za ka iya ganin ratsi-ratsi ko launi yana sauyawa daga hoto zuwa hoto. Wutar lantarki ta Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, sai ka sa sauri a 1/50 ko 1/100. Da filasha kuma kada ka wuce 1/200 a yawancin waɗannan kyamarori, K1000 ma 1/60 ce iyakarta, in ka wuce wani ɓangaren hoton zai fito baƙi.

Lokacin hunturu kada ka sauya gilashi a waje. In ya zama dole, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, yi sauri. Ana hure ƙura da robar hura iska, ba da baki ba, ba da gefen riga ba. Da damina ajiye kaya a roba mai murfi da ƙunshin silika don fumfuna. Hotuna kuma su zauna a wuri biyu kafin ka share memori, in za ka tura ta WhatsApp tura a matsayin fayil don kada ya matse su.

Kyamarar dijital ɗin ita ce kuma za ta kwafe maka nagatif, naka da na gida da ke cikin tsohuwar akwati. Kafa ta a kan ƙafa uku tana kallon ƙasa, da gilashin ɗaukar kusa ko zoben ƙarin tsawo. Shimfiɗa nagatif a kan farin allo mai haske, ka ɗaga shi kaɗan daga allon in na waya ne don kada ɗigon allon ya fito, ka rufe gefe da baƙin kwali, ka kashe fitilar ɗaki. Sa f/8, ISO 100, RAW, saita da hannu har ka ga ƙwayoyin fim, ka yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓawa ta girgiza ta. Manhajojin darktable da RawTherapee kyauta ne, kuma kowace tana da sashen juya nagatif ya koma hoto. Hure ƙura daga fuska biyun nagatif kafin kowane ɗauka, domin ƙwayar da ka bari za ta fito farin ɗigo bayan an juya.